Kujerar Inna

SHAFI NA 19

Kafin mu shiga, ina da magana da ku.

Na karanta abin da kuka rubuto ƙarƙashin shafin jiya. "Allah sarki Inna." "Wallahi har na yi kuka." "Allah ya saka mata." Mutum sama da ɗari uku, kowa da nasa hawayen. To ni tambaya gare ni. Ranar da kuke tsaye a layi, a filin jirgi ne ko a banki ko a asibiti, aka ce wa tsohuwar da ke gabanku sunanta ba ya cikin kwamfuta, me kuka yi? Bari in faɗa muku. Wayarku kuka ciro kuka hau latsawa. Kuka matsa gaba taku ɗaya, a ranku har da jin daɗi layi ya ragu. Kun gani sarai, kuka kau da kai.

Ku adana hawayenku. Ku karanta.

*

Ana sallame la'asar ranar Talata Khairiyya ta sauko daga motar Kabo. Ba ta tsaya neman ɗan acaɓa ba, da ƙafa ta ratsa Gwarzo, jaka a hammata.

Kwana biyu ke nan da ta mayar da mahaifiyarta ƙauyensu Gammo a kwance a bayan mota. Wata biyar suka yi suna jiran a kira Inna gashin cutar daji a wani asibiti a Legas, saboda na'urar da ta fi kusa da su ta lalace. Da aka sa musu ranar Litinin su je, likita ya ce kada a kuskura a sa ta a mota, jikinta ba zai ɗauki zaman ba. Aka kai bijimin gidan kasuwa, aka yanki tikiti biyu a jirgin kamfanin Shamuwa na ranar Lahadi. Tun hantsi suka isa filin jirgi. Da aka buɗe kantar tantance fasinja, aka miƙo wa Khairiyya takardar shiga jirgi, aka ce ta tsohuwa babu. Jirgi ya cika.

Abin da idonta ya gani bayan nan shi ya kawo ta gidan yayarta Bushira. Amma ba wajen Bushira ta zo ba. Wajen maigidan ta zo.

"Assalamu alaikum."

Alhaji Badaruddeen, dillalin riɗi, yana zaune a kan kafet ya miƙe ƙafa, kwanon dambu a gabansa. Mutumin da a Gwarzo ake cewa ya fi sanin hanyar Legas ta sama fiye da hanyar gonarsa.

"A'a'a! Malama Auta da kanta! Yau an tuna da talakawa ke nan?"

Ta durƙusa. Tarbiyya ba ta sakin mutum ko zuciyarsa na tafasa.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau, amaryata. Ya makaranta? Ya ɗalibai, suna ji ko sai da bulala?"

"Alhamdulillahi."

"Ya Inna da jiki? An ce kun je ganin likita Kano."

"Da sauƙi."

"Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ya mutanen Gammo? An gama yankan dawa?"

"An gama. Ya gajiyar hanya, Yaya? An ce daga Legas kake."

Ai kamar ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Ya ture kwanon gefe, ya gyara zama.

"Ke dai bari, Auta. Ƙasar nan ta lalace. Jirgin ƙarfe huɗu, sai da muka yi awa biyar a zaune. Awa biyar! Falon manya kuma, inda suke ajiye mu masu kati, na'urar sanyi ta mutu. Aka kawo shayi ba madara. Na ce wa ma'aikaciyar, shekara shida ina riƙe da katin zinare na kamfanin nan, ki kawo min shayi ba madara? A dawowa kuma wai jakata ta wuce da kilo uku, in biya. Ina fito da katin jikinsu ya hau rawa, sai ban haƙuri."

Wanda bai sani ba ya sani. Kati ne da kamfanin ke ba wanda ya hau jirginsu sau arba'in a shekara. Mai shi ba ya bin layi, ba ya biyan kuɗin kaya, kuma ko jirgi ya cika maƙil ana nema masa wuri. Daga ina wurin ke fitowa, wannan ba a rubuta shi a bayan katin ba.

"Sannu, Yaya. Ka sha wahala."

"Wallahi kuwa."

"An ce jirgin Lahadi ya cika. Ka samu wuri dai?"

Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Ya cika ga wasu. Ni fa sai bayan azahar na ga damar tafiya. Waya ɗaya na yi wa Tasi'u, mutumina na filin jirgi. Kafin in isa ya gama komai."

"A ina ka zauna?"

"Biyar C. Gaba, bakin hanya. Ni ba na zaman jikin taga, wannan sai sabon shiga mai son kallon gajimare."

Daidai nan Bushira ta shigo da faranti, ruwa da kofuna. Tana ganin fuskar ƙanwarta ta tsaya cak.

"Khairiyya? Ke da ya kamata a ce kina..." Ta haɗiye sauran. "Lafiya? Ina Inna?"

Khairiyya ba ta kalle ta ba. Ta zuge jaka, ta ciro takarda mai ninki huɗu, ta ware ta, ta ajiye kusa da kwanon dambu.

"Karanta, Yaya."

"Mene ne wannan? Takardar neman aure?"

"Karanta."

Ya ɗauka yana murmushi.

"Kano zuwa Legas, Lahadi. Furera Jalo. Kujera..." Murmushin ya ɗan rage. "Biyar C. To? Wace ce Furera Jalo?"

Farantin ya suɓuce daga hannun Bushira. Kofi ɗaya ya gangara har ƙarƙashin kujera, ba wanda ya bi shi da ido.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ke lafiyarki? Na ce wace ce?"

"Surukarka ce," in ji Khairiyya. "Matar da ta haifi matarka. Ni na biya ƙarin kuɗi na zaɓa mata kujerar nan, don ta yi kusa da banɗaki. Kai ka zauna a kai. Ina fatan ta yi laushi."

Ya kalli takardar, ya kalli Bushira, ya sake kallon takardar.

"Ƙarya ne. Inna me za ta je yi Legas?"

"Gashi za a yi mata. Daji ne a bakin mahaifa."

"Khairiyya!" Bushira ta toshe kunnuwa. "A gaban surukinta? Ba ki da kunya? Ba ta ce kada a faɗa ba?"

"Ta ce, Adda. Mun bi. Wata biyar muna bi. Ga inda biyayyar ta kai mu."

Alhaji ya miƙe tsaye, dambu na zuba daga rigarsa.

"Dakata. Bushira, kin san da wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na sani, Abban Sadiya. Inna ta rantsar da mu. Ta ce ciwon mata ne, gara a binne ta da surukinta ya ji. Kai kuma ka ce min Abuja za ka ranar Litinin. Ban san ka sauya ba."

"To kun gani! Kun ji da kunnenku! Ni na san gaibu ne? An ɓoye min ciwo, an ɓoye min tafiya. Suna kuma, shekara goma sha ɗaya da aurenmu, na taɓa jin wani ya kira ta da sunan yanka? Inna, Inna, Innar Gammo. Ke Bushira kin taɓa furta sunan nan a gabana? Ko a ɗaurin aure sunan Baffa aka faɗa. Wallahi da na sani..."

"Mun gan ka," in ji Khairiyya.

Ya tsaya.

"Muna gefen kanta. Inna tana kan keken marasa lafiya, ni ina roƙon ma'aikaci kamar mai bara. Ka shigo da farar shadda, wani na ja maka jaka. Tsakaninka da ita bai kai daga nan zuwa ƙofar can ba. Na buɗe baki zan kira ka, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta damƙe min hannu." Ta ɗaga tsintsiyar hannunta. Shatin farce huɗu na nan, sun yi baƙi. "Ta ce, Auta, in kika kira shi ban yafe ba. Ka wuce ta gabanta. Har gefen rigarka ya taɓa tayar keken."

"Ban lura ba."

"Na san ba ka lura ba."

Khairiyya ta sauke hannunta, ta ci gaba.

"Kuma ka san abin da suka rubuta? Wai ba ta zo ba. Matar da ta yi awa tara a gaban kantarsu, ko fitsari sai na roƙi mai shara ta nuna mana wuri. Sai da na biya tarar rashin zuwa kafin su yarda su dube ni."

Alhaji ya koma ya zauna, wannan karon a kan kujera. Ya shafa gemu. Muryarsa ta sauya, ta koma irin wadda yake ciniki da ita.

"To, abin da ya faru ya faru. Ƙaddara ce. Yanzu me ake ciki?"

"Asibiti sun kira. Za su riƙe mata wurin zuwa jibi Alhamis, ƙarfe takwas na safe. In ba ta je ba su ba wani, ita kuma ta koma ƙarshen layi. Wata huɗu. Likita ya ce ba ta da wata huɗu."

"Sai ku bi jirgin gobe."

"Kujera ɗaya ta rage, kuma ni kwamfuta ta ba, don tikitina bai mutu ba. Na duba sauran kamfanoni, har ta Abuja na duba. Babu."

"Wannan ai ƙaramin abu ne." Ya ciro waya. "Da tun farko kun zo wajena da duk haka ba ta faru ba. Matsalarku ke nan mutanen Gammo, kunya kamar a kanku aka saukar da ita."

"Sa a sifika, Yaya."

"Don me?"

"Ina so in ji yadda ake yi."

Ya harare ta, amma ya danna. Bugu biyu aka ɗauka. Murya ce ta dattijo, mai santsi, irin ta wanda ya shekara ashirin yana cewa manya ranka ya daɗe.

"Allah ya ja zamanin Alhajin Allah! Sarkin sama! Ya gajiya? Ya iyali?"

"Lafiya, Tasi'u. Kana ji na? Matar nan da ka cire ranar Lahadi..."

"Wacce? Tsohuwar nan ta kan keke? Ai na gaya maka, yallaɓai. Na ce akwai wani ɗan jarida, akwai tsohuwa 'yar ƙauye. Ka ce in bar ɗan jaridan, irin tsohuwar ba sa hayaniya. Kuma wallahi gaskiyarka, ko tari ba ta yi ba. Yarinyar da ke tare da ita ce dai ta ɗan..."

"Tasi'u! A sifika kake!"



Bushira ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango.

"Ka san tsohuwa ce," ta ce a hankali. "Ka san a keke take."

"Ban san Inna ba ce!"

"Amma ka san uwar wani ce," in ji Khairiyya. "Da uwar wani ce, yau da daɗi za ka ci dambunka."

Ya kai wayar kusa da baki.

"Tasi'u, surukata ce. Kuskure aka yi. Ina son kujera ɗaya a jirgin gobe, ko ta halin ƙaƙa."

"Subhanallahi! Surukarka? Kai, kai, kai. Allah ya huci zuciyar Hajiya. Wallahi da an faɗa min ta gidanka ce da a gaba zan sa ta, har da lemo." Aka ji yana danne-danne. "Yallaɓai, gobe fa ya fi Lahadi cika. In dai ba taka za ka saki ba."

Khairiyya ta ɗago kai.

"Tasa? Yaya yana da kujera gobe?"

"Ƙwarai, Hajiya. Ai gobe ce ta arba'in ɗinsa. Gobe wata ke ƙarewa, in bai hau ba kati ya faɗi. Ba don haka ya je ranar Lahadi ya kwana otal ya juyo ba? Ku ma iyali ai kun shaida, Alhaji ya sha wahalar katin nan."

Bushira ta cire tagumi.

"Otal?"

"Tasi'u, ka cika surutu."

"Abban Sadiya, da ka dawo ka ce min kwantenarka ce ta maƙale a tashar ruwa."

"Akwai wannan ma."

"Ka je tashar?"

Ya kalli fanka.

"Na tambaye ka. Ka je tashar?"

"Ba ki gane ba ne, Bushira. Saura hawa uku ne. Mutum ya yi talatin da bakwai ya bari ya zube saboda uku?"

Duk hanya Khairiyya tana tunanin ko wata babbar harka ce ta kai shi, ko rai ne a hannunsa shi ma. Ashe ba komai. Ya hau sama ne don a ƙirga masa ya hau. Mahaifiyarta ta koma Gammo zaninta jiƙe da jini, domin wani mutum ya ci gaba da shan shayi a falon manya.

"To, Alhamdulillahi," ta ce. "Abin ya zo da sauƙi. Ka saki taka, a sa sunan Inna."

"Haka ne, yallaɓai," in ji Tasi'u. "In ka saki, minti biyu ne. Ba a taɓa kowa ba."

Alhaji ya yi gyaran murya.

"A'a, ga shawara mafi kyau. Ke Auta ki ba Inna taki. Ni ina cikin jirgin, sai in kula da ita har asibiti. Kin ga na wanke laifina."

"Kai?"

"Ni mana. Ba uwata ba ce?"

"Kai za ka riƙe ta zuwa banɗaki? Kai za ka canza mata zani in ya ɓaci? Matar da in ta ji takunka a zaure take shigewa ɗaka ta saki labule? Shekara goma sha ɗaya ko ruwa ba ta taɓa sha a gabanka ba."

"To kin faɗa da bakinki! In ba ta iya shan ruwa a gabana, kujerata za ta iya zama a kai? Ku da kanku kun san Inna. Ta ji an ce surukinta ne ya tashi ya ba ta wuri, wallahi ba za ta hau ba."

Kun ji fa. Kunyar da tsohuwa ta rufe fuska saboda ita, ita ya ɗauko yanzu ya yi garkuwa.

Bushira ta rarrafo da gwiwa har gabansa. Khairiyya ba ta taɓa ganin yayarta haka ba.

"Ba sai ta sani ba, Abban Sadiya. Ba wanda zai faɗa mata. Ban taɓa roƙonka komai a kan gidanmu ba. Ko da Baffa ya rasu kana Legas, ban ce ka dawo ba. Yau ina roƙonka. Kati ne fa. Roba ce."

"Roba?" Ya yi wata gajeriyar dariya. "Shekara shida, Bushira. Kin san yadda ake kallona in na shiga wurin nan? Abokan cinikina duk a falon nan muke haɗuwa. Ranar da suka gan ni a layi da jaka a hannu, sai a ce Badaru ya karye. Kin san abin da ake yi wa marar kati a filin jirgin nan?"

"Ni na sani," in ji Khairiyya. "Na gani ranar Lahadi."

"Yallaɓai," muryar Tasi'u ta kutso, "kada a yi faɗa a gida, abin bai kai nan ba. Akwai hanya. Kowa ya tafi, kati ya tsira."

"Yauwa. Faɗi."

"Bari in duba masu ƙaramin tikiti, waɗanda ba su tabbatar da kujerarsu ta waya ba. Mhm. Wannan lauya ce, a bar ta. Wannan soja ne. Wannan sunan gidan sarauta ne, ba ruwana. Yauwa, ga ɗaya. Abdulmumini Sale Kara. Shekara saba'in da ɗaya. Ejan ne ya yankar masa, shi ma ya nemi keke. Sha ɗaya C, bakin hanya. Daidai da Hajiya."

"Kara?" in ji Bushira. "Karar nan tamu?"

"Me zai je yi Legas?" Khairiyya ta tambaya.

"Hajiya, kwamfuta ba ta faɗar wannan."

"Tsoho mai shekara saba'in, a kan keke. Yawon buɗe ido za shi?"

"Ni dai suna nake gani da lamba."

"In ka cire shi me za a rubuta?"

"Bai zo ba. Haka ake rubutawa, in ba haka ba kujera ba ta fita."

"A cikin masu kati fa? Ba mai lafiyar da zai iya jira kwana ɗaya?"

Tasi'u ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya yi tambayar wauta.

"Hajiya, waɗannan ba a taɓa su. Yallaɓai, a yi sauri, manaja zai tashi, kuma sai da lambarsa ake wannan aikin. Taka za ka saki, ko tsohon?"

Bushira tana durƙushe, ta riƙe gefen rigarsa. Khairiyya ta kafe shi da ido. Ya kalli wannan, ya kalli waccan. Ya ɗauki robar ruwan da ba ta zube ba, ya kurɓa, ya ajiye.

"Cire tsohon."

"Abban Sadiya!"

"Inna za ta tafi ko ba za ta tafi ba? Ba shi kuke so ba? To ga shi na yi. Me kuma?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Wallahi ka ji tsoron Allah!"

"Dakata, yallaɓai," in ji Tasi'u. "Na ji kamar Hajiya ƙarama ba ta so. Ni ba na aikin da za a zo ana tsine min. Hajiya, ke ce 'yarta, ke ce mai tafiya da ita. Yatsana na kan madanni. In kin ce a bari, wallahi in bari, tsoho ya yi tafiyarsa."

Alhaji ya miƙa mata wayar. Har da ɗan murmushi a gefen bakinsa.

"Ga shi, Malama. Ke mai ilimi, mai tsoron Allah. Ki ce a bari."

Wayar ta yi mata nauyi a tafin hannu.

Kalma biyu ce. A bari. Ita da take tsayawa gaban aji tana gaya wa yara haƙƙin wani wuta ne. Ta hango tsohon da ba ta taɓa gani ba, an sa masa sabuwar riga, an turo shi tun hantsi, wani ɗansa na roƙo a gaban kanta. Wataƙila su ma wani abin suka kai kasuwa.

Sai ta hango Inna a bayan mota ranar Lahadi, ta cije gefen mayafi don kada direba ya ji nishinta.

Ta buɗe baki.

Ba abin da ya fito.

"Hajiya? Kina ji na?"

Fanka na juyawa. Bushira ta kifa fuska a kan kafet.

"To, shiru ma amsa ce. Bismillahi." Aka ji ƙarar madanni sau ɗaya. "An gama. Hajiya Furera, sha ɗaya C. Allah ya ba ta lafiya. Yallaɓai, sai mun haɗu gobe, na ce su tanadi madara."

Layin ya katse.

Alhaji ya karɓi wayarsa daga hannunta, ya jawo kwanon dambu.

"Kin gani? Da baki kowa waliyyi ne."

Ba ta san yadda ta fito ba. Ta dai tsinci kanta a zaure, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Nan wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Ta duba. Inna.

Ta goge fuska, ta daidaita murya.

"Inna, sannu da jiki."

"Auta." Muryar ta yi siriri kamar zare. "Tun azahar kin fita ba ki ce ga inda za ki ba. An samu wurin?"

"An samu, Inna. Gobe za mu tafi."

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi." Ta yi numfashi mai tsawo. Khairiyya ta ɗauka ta gama. "Auta."

"Na'am."

"Jiya kin ce min jirgin ya cika."

"E, Inna."

"To wa ya tashi ya ba ni?"

*

A nan na tsaya. Kada wanda ya rubuto min Allah ya kyauta, zan goge.

Kai mai kati, ke matar mai kati, kai da kake da wani Tasi'u a filin jirgi ko a asibiti ko a ofishin fasfo: ɗauki wayarka yau, kafin ka ci abinci, ka kira shi ka yi masa tambaya ɗaya. Duk ranar da ka samo min wuri, wa ka cire? Ka sa ya faɗi sunan. Ka ji shi da kunnenka.

Sauranku kuma masu bin layi irina, ranar da aka ce wa wani tsoho sunansa ya ɓace, ku fito daga layin. Ku tsaya kusa da shi. Ku ce a kira manaja, a rubuta dalili a takarda a sa hannu, ku ɗauki hotonta ku kai ƙara hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama. Ku ɗaga murya har falon manya su ajiye kofi. Tsofaffinmu ba za su yi hayaniya ba, ba a haka aka raine su ba.

Ku yi musu.